Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano Kan Rumfunan Tsofaffin Littattafai na Kasuwar Kurmi

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano,
Gidan Ɗan Hausa, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranku ya daɗe, na rubuto muku ne game da wata rumfar tsofaffin littattafai da aka rufe a Kasuwar Kurmi, da kuma 'yan uwanta da suke a buɗe tukuna amma masu su sun manyanta. Na zaɓi in yi maganar a fili maimakon in kawo takarda ofis, domin abin da zan roƙa ya shafi iyalai da yawa a cikin birni da waje waɗanda suke da littattafan iyayensu a akwati ba su san inda za su kai su ba, kuma ina so su ma maganar ta isa kunnensu.

Rumfar ta wani dattijo ce wanda ba zan ambaci sunansa ba, tunda ban nemi izinin iyalinsa ba. Mu dai Baba muke ce masa. Tana cikin layin 'yan littattafai, kuma faɗinta bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Littattafai ne jibge tun daga ƙasa har rufi, waɗansu a ɗaure da igiya, waɗansu a cikin gafaka, waɗansu kuma a tsakanin kwali biyu an naɗe su da tsumma. Ina yaro mahaifina ya fara aikena wurinsa in sayo littafin fiƙihun da za mu fara a makarantar zaure, ya ce in ce a ba ni na hannu, don sabo ya fi ƙarfin aljihunsa. Baba ya miƙa hannu bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ya zaro littafin, ya buɗe ya duba ko shafukan sun cika, sannan ya nuna mini ƙananan rubuce-rubucen da wani ɗalibi ya yi a gefe da ajami, ya ce in riƙe su da kyau domin fassarar malaminsa ce ya kama, kuma za ta rage mini wahala. Tun daga ranar har na yi furfura ban daina zuwa rumfar nan ba.

Sana'ar da Baba ya gada daɗaɗɗiya ce a garin nan, kuma ku kun fi ni sanin haka. Tarihin Kano ya faɗa cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Fulani sun zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, alhali kafin nan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi aka sani. Magajinsa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Maghili ya sauka a Kano ya rubuta masa nasiha kan sha'anin mulki. Garin da malamai suke sauka a cikinsa dole ya buƙaci takarda da tawada da masu kwafa, don haka fataken da suke ƙetaro Sahara daga Tarabulus suka riƙa haɗowa da takarda a cikin kayansu. Baba ne mutum na farko da ya ɗaga mini tsohuwar takarda a hasken rana ya nuna mini alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikinta. Ya ce mahaifinsa ya fi son irinta saboda tana shan tawada ba ta tsagewa. Sai daga baya na karanta cewa a arewacin Italiya ake yin ta, ana kawo ta ta Masar da Tarabulus. Shi bai taɓa sanin sunan garin da ake yin ta ba, amma yana iya bambanta ta da sauran takardu da yatsunsa kawai.

Mahaifin nasa marubuci ne, wato mai kwafar littattafai da hannu a biya shi lada. Ɗalibi zai aro littafi wurin malaminsa ya kawo, a yi ciniki, shi kuma ya zauna da alƙalamin kara da baƙar tawada da ja, ya kwafe shi cikin makonni. Da bugun Misra ya fara shigowa da yawa, musamman na gidan Halabi da ke Alƙahira, mutane suka ɗauka aikin marubuta ya ƙare. Abin da ya faru ya saɓa wa wannan zato. Wanda ya tashi a tsangaya da allo, idonsa ya saba da rubutun Warash mai kauri, yana shan wahala da ƙananan haruffan injin Masar. Saboda haka, tun daga shekarun 1950, maɗaba'un Kano suka kama hanyar ba marubuci ya rubuta littafi da hannunsa, su ɗauki hoton shafukan, su buga da yawa. Wannan shi ne abin da ake kira bugun Kano, kuma ta wannan hanya ce rubuce-rubucen malamai irin su Shehu Nasiru Kabara da Shehu Abubakar Atiku Sanka suka shiga hannun talaka, tare da waƙoƙin wa'azi da na bege da ƙananan littattafan addu'o'i da na raddi. Daga layin nan na Kurmi ake ɗaure su a kai Damagaram da Maraɗi da Agadas, a kai Garwa da Injamena, a kai zangunan Kumasi da Tamale. Na sha tarar da baƙi daga waɗannan garuruwa a zaune bakin rumfar Baba suna jiran a haɗa musu kaya, suna ba shi labarin malamin da ya rasu a can da wanda ya gaje shi.

Da farko Baba littattafan addini kawai yake taɓawa. Abin da ya sa ya buɗe wa na boko ƙofa shi ne, mutanen da suke kawo masa kayan gado ba sa rarrabewa, a buhu ɗaya suke zubo komai. Ta haka ne rumfarsa ta tara abubuwan da ban ga irinsu a wuri ɗaya ba: littattafan da Hukumar Talifi ta fitar bayan gasar rubuta labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci na zamanin hukumar buga littattafai ta Jihar Arewa, wato NORLA, har da 'yan shafukan Sodangi, jaridar lardin Kano. Akwai bugun kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, akwai Alfijir da kamfanin Triumph yake fitarwa da ajami, akwai takardun waƙoƙin NEPU da na NPC da aka buga a gaggauce lokacin zaɓe. Da aka shiga tsarin tsuke tattalin arziki na SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, sabon littafi ya gagari ɗalibi, sai rumfunan na hannu suka zama madogarar duk wanda yake karatu. A wannan lokacin ne kuma matasan da suka shiga firamare a shirin ilimin firamare kyauta na UPE na 1976 suka girma suka fara rubuta labaransu suna bugawa da kuɗinsu, ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka kafu, kasuwar littattafan hikaya ta buɗe a Bata da Sabon Gari. Baba ba ya karanta waɗannan, ba ya kuma son yawancinsu, amma idan mace ta aiko yaro da ƙullin waɗanda ta gama karantawa yakan saya, ya ajiye su a lungu guda, ya ce wata rana wani zai zo nema.

Abin da nake so ku fi lura da shi, ranku ya daɗe, shi ne aikin da mutumin nan yake yi wa jama'a wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Idan malami ya rasu aka zo rabon gado, littattafansa dukiya ce da dole a yi mata kuɗi, kuma Baba ake kira ya yi. Na raka shi sau ɗaya wani gida a cikin birni. Aka fito da akwatin ƙarfe biyu, aka juye a kan tabarma, ga takardu sun cakuɗe domin littattafanmu na dā ba a ɗinke suke ba, warwatse suke a cikin tadarishi, kuma yara sun taɓa zubar da su. Baba ya zauna tun hantsi har la'asar yana haɗa su. Yana duba kalmar da marubuci yake sawa a can ƙasan shafi, wadda ita ce za ta buɗe shafi na gaba, yana bin ta har ya mayar da kowace takarda gidanta. Ya fitar da littafi goma sha wani abu daga cikin wannan tari, ya karanta wa magada ƙarshen kowanne, inda marubuci yake faɗin sunansa da na wanda ya kwafa wa. A ɗaya daga ciki suka ji sunan kakan kakansu. Ya yi wa sauran kuɗi, amma wannan ya ce musu kada su sayar, ko shi suka kawo wa ba zai saya ba. Babban ɗan gidan ya rungume takardun yana hawaye.

Yana kuma da littafin bashi, wani dogon littafi mai baƙin bango da yake rubutawa da ajami. Almajirai 'yan ci-rani sukan jinginar da littattafansu idan damina ta kawo jiki za su koma gida noma, su karɓi kuɗin mota, bayan kaka su dawo su fanshe. Ɗaliban jami'a sukan ɗauki littafi su biya idan kuɗin tallafin karatu ya fito. Malamin makarantar allo yakan ɗauki izu-izu na Alƙur'ani don yaransa ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Duk Baba yana rubutawa: wane, daga gari kaza, ya ɗauki littafi kaza. Duk mai son sanin abin da mutanen ƙasar nan suke karantawa a tsawon shekaru kusan hamsin, da garuruwan da suke fitowa, da yadda farashi ya riƙa hawa, da ya samu amsa a wannan littafi. Na san mutanen da suka zama alƙalai da limamai da malaman jami'a waɗanda sunayensu suke ciki, kuma na san akwai waɗanda ya ja layi a kan bashinsu ba tare da sun biya ba, domin ya ga halin da suke ciki.

Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa suna da nasu sana'o'in, babu wanda ya koyi wannan. Ban ga laifinsu ba, domin rumfa tana da kuɗin haya, kuma littafin da zai shekara biyar bai samu mai saye ba ba ya ciyar da gida. Maƙwabtansa na layi suka sayi abin da suka san zai fita. Sauran aka kasa biyu. Duk abin da yake da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah aka tattara aka ƙona, aka binne tokar, saboda girmamawa da tsoron kada a taka, kuma wannan niyya ce mai kyau wadda ni ma aka tarbiyyantar da ni a kanta. Na boko da jaridu kuwa aka sayar da su a buhu ga masu ƙunsa ƙosai da gyaɗa. Ina wata tafiya lokacin, na dawo bayan mako uku na tarar ana jera wasu kaya daban a rumfar. Na bi sawu na samo abin da bai wuce kwali ɗaya ba. Littafin bashin ban same shi ba, kuma babu wanda ya tuna ko a wane kashi ya faɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fi ci mini rai shi ne sanin cewa waɗansu sun daɗe da gane darajar irin waɗannan kaya. Littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma falke na garin nan da ya rasu a 1962, sama da guda 3,000, suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern da ke Evanston a Amurka. A wuri ɗaya kuma akwai tarin da John Paden ya haɗa lokacin da yake bincike a Kano a shekarun 1960, cikinsa har da bugun kasuwa irin wanda ake shimfiɗawa a Kurmi. Littattafan hikayar da aka riƙa yi wa kallon raini a nan, har aka ƙona wasunsu a bainar jama'a a 2007, Graham Furniss ya tara ɗimbinsu a makarantar SOAS ta Landan, an jera su an yi musu rajista. Ba na zargin waɗannan mutane, hasali ma godiya nake yi musu, domin ba don su ba da wasu abubuwan sun ɓace ɗungurungum. Amma ɗalibin Jami'ar Bayero da yake son ya rubuta tarihin ɗab'i a garinsu bai kamata ya buƙaci biza kafin ya ga abin da aka buga a Fagge ba.

Wani zai ce ai akwai doka. Gaskiya ne dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye. Sai dai malamin da ya ba da waƙarsa aka buga 'yan ɗaruruwa don almajiransa, da matar aure da ta tara kuɗin adashi ta buga labarinta, yawancinsu ba su taɓa jin wannan doka ba, littattafansu ba su da lambar rajista, wasu ko shekarar bugu babu a jikinsu. Wurin da kawai suke taruwa bayan sun bar hannun masu su shi ne rumfar mai tsofaffin littattafai, kuma shi kaɗai ne zai iya gaya maka wace maɗaba'a ce ta buga wannan, wane attajiri ne ya biya kuɗin bugun, wane marubuci ne mai wannan hannu. Wani kuma zai ce yanzu komai yana waya. Manyan littattafan Misra da Bairut lallai suna nan a intanet kyauta, kuma wannan na cikin abin da ya rage wa 'yan Kurmi ciniki. Amma waya ba ta ɗauke da abin da ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba, kuma mafi yawan bugun Kano babu wanda ya taɓa ɗauka.

Lokaci kuma ba ya jira. Gara da ɓera da danshin damina suna cin nasu a hankali, musamman a kasuwar da take gefen Jakara. Wuta kuwa a dare ɗaya take gamawa, kuma duk wanda yake Kano a watan Maris na 2016 ya ga yadda gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. Lungunan Kurmi sun fi na can matsi, motar kashe gobara ba za ta iya kutsawa cikinsu ba, ga kayan takarda ne.

Saboda haka roƙona na farko, wanda ya fi sauran gaggawa kuma ya fi su araha, shi ne ku tura ma'aikatanku da na'urar ɗaukar magana su zauna da dattawan layin 'yan littattafai na Kurmi, da na Bata da Sabon Gari, tun suna da rai da lafiya. A tambaye su wurin wa suka koyi sana'ar, su wane ne marubutan da suka yi aiki da su, waɗanne maɗaba'u ne suka buɗe suka rufe, ta wace hanya kaya suke isa Nijar da Chadi da Kamaru da Ghana. A je da ladabi ta hannun shugabannin layin, a zauna a tabarmarsu, kada a kira su ofis. Idan sun amince, a ɗauki hoton littattafan bashinsu da rasiɗansu, a rufe sunayen masu bashi har sai lokacin da bayyana su ba zai kunyata kowa ba.

Bayan wannan, a ware ɗan kuɗi a kowace shekara a riƙa sayen kwafi ɗaya na duk abin da aka buga a Kano wanda ya ƙare a kasuwa. Na ce a saya, domin mutanen nan 'yan kasuwa ne masu iyali, kuma ranar da suka ji ƙamshin ƙwace ko tilas za su ɓoye abin da suke da shi. A nan ina roƙonku da ku daure ku tara komai ba tare da zaɓe ba. A cikin waɗannan takardu akwai raddin da aka yi wa juna kan ƙabalu da sadalu, akwai muhawarar 'yan ɗariƙa da Izala bayan kafuwarta a 1978, akwai zambon siyasa mai zafi, akwai labaran soyayya da iyaye suka yi ta ƙorafi a kansu. Kowane ma'aikaci zai tarar da abin da ransa ba ya so a ciki. Ajiye takarda a ma'adana ba amincewa da abin da ta ƙunsa ba ne, kuma jikokinmu suna da haƙƙin su san abin da kakanninsu suka yi jayayya a kansa da bakin kakannin nasu.

Aikin bai kamata ya tsaya a kanku ku kaɗai ba. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da masana ajami, Gidan Arewa na Kaduna ya daɗe yana adana rubuce-rubucen hannu, Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad yana da wurin da jama'a za su zauna su duba. Ɗakin Karatu na Birtaniya kuma yana da shirin tallafa wa adana takardun da suke cikin haɗari, wanda sharaɗinsa shi ne a ɗauki hoto a bar asalin a ƙasar da aka same shi. Abin da ya rage shi ne hukumar da za ta ɗauki ragama, kuma ku ne sunanku ya ɗora wa wannan nauyi. Ina kuma roƙon ku sanar a gidajen rediyo da masallatan Juma'a cewa duk iyalin da suka gaji takardu suka rasa yadda za su yi da su, akwai wurin da za a karɓa a ajiye da tsarki da mutunci, ko a ɗauki hoto a mayar musu. Mutanen da suka ƙona takardun Baba da sun san da irin wannan wuri da sun kai.

Akwai magana ɗaya da ta rage, ita ce ta gyaran kasuwa. Duk lokacin da aka tashi sabunta wata kasuwa a ƙasar nan, masu ƙaramin jari ne suke fara rasa wuri, domin ba za su iya biyan kuɗin sabon shago ba, kuma mai tsofaffin littattafai yana cikin mafi ƙarancin jari. Idan irin wannan shiri ya zo Kurmi, ina fatan za ku kasance a teburin shawara ku faɗa cewa layin 'yan littattafai yana cikin abin da ya sa kasuwar ta zama wurin tarihi, kamar yadda layin dukawa da na 'yan sirdi suke, a bar su a inda masu nemansu suka saba samunsu, a kan hayar da za su iya.

Kwalin da na ceto daga kayan Baba yana nan a ɗakina. A cikinsa akwai waƙoƙin ajami bugun Kano da ba su da sunan maɗaba'a, da 'yan kwafin Alfijir, da wasu takardun hannu marasa farko da ƙarshe waɗanda ban iya gane littafin da suka fito ba. Akwai dattawa biyu a layin da nake kyautata zaton za su gane su da kallo ɗaya, kuma sun ce mini a shirye suke su yi magana da duk wanda ya zo da niyyar ji. Ranar da kuka sa, zan kawo kwalin Gidan Ɗan Hausa da kaina, sannan in raka ma'aikatanku wurinsu.

Allah ya yi muku jagora, ya jiƙan magabatanmu.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, daga cikin birnin Kano.